Ramin Da Aka Bari: Tarihin Haƙar Ma'adinai A Nijeriya Da Darasinsa Ga Ƙasar Batsari Da Safana

Gabatarwa

Da wuya a sami tsohon gari a ƙasar Hausa wanda ba shi da kududdufi. Asalinsa rami ne da magina suka haƙa suna ɗibar ƙasar da aka yi tubali da ita, aka ta da ganuwa da soraye da katangun gidaje. Gini ya ƙare, magina sun shuɗe, waɗansu gidajen ma sun zama kufai, amma ramin yana nan. Da damina ya cika ya batse, ya tara sauro, wani lokaci har ya ci yaro. Da rani kuwa a shayar da dabbobi, a yi lambu a bakinsa. Abin da ya sa kududdufi bai gagari mutanen dā ba shi ne, waɗanda suka haƙa shi su ne maƙwabtansa. Su suka ci amfaninsa, su kuma suka zauna da wahalarsa.

Haƙar ma'adinai ta zamani ta raba waɗannan abubuwa biyu. Mai haƙa daban, maƙwabcin rami daban. Idan ma'adini ya ƙare, ko kasuwarsa ta faɗi, mai haƙa sai ya naɗe kayansa ya yi gaba, ya bar mai gona da makiyayi da ramin da ba su suka haƙa ba. Wannan lacca za ta bi tarihin irin wannan rabuwa a wurare uku na Nijeriya, watau mahaƙar kwal ta Inugu, da filayen kuza na Jos, da ramukan zinariya na Zamfara. Sa'an nan za ta duba yadda waɗansu ƙasashe suka yi da tsofaffin mahaƙan kwal nasu, kafin ta dawo kan ƙasar Batsari da Safana, inda wannan tambaya ta fi kusa da mutane fiye da yadda ake zato. Tambayar kuwa ita ce: idan haƙa ta ƙare, wa zai biya kuɗin gyara?

Dalilin Rashin Kwal A Yammacin Katsina

Ya kamata a faɗi tun farko cewa ba a taɓa haƙar kwal a Batsari ko Safana ba, kuma yanayin ƙasar bai ba da haka ba. Kwal ragowar tsirrai ne da suka ruɓe a fadamu tun miliyoyin shekaru, yashi da laka suka danne su har suka zama baƙin dutse mai cin wuta. Don haka ake samunsa a inda ƙasa ta yi kwari ta tara laka, kamar kwarin Anambra da na Binuwai. Yammacin Katsina kuwa yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, waɗanda suka riga irin waɗancan fadamu da nisa. Su ne ake gani sun ɓullo a matsayin fā da tsaunuka a ƙasar Ruma da kewayenta.

Sai dai waɗannan tsofaffin duwatsu suna da nasu arziki. Irinsu ne suka miƙa yamma zuwa Maru da Anka, suka yi kudu zuwa Birnin Gwari, kuma a cikin jijiyoyinsu ake samun zinariya. A Ƙanƙara, kudu da Safana, an daɗe ana haƙar farar ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa ma maƙeran ƙasar Katsina suna narka tama, suna ƙona ƙirya su yi gawayin da za su hura wutar. Saboda haka duk da babu kwal, akwai haƙa a tarihin wannan yanki, akwai ta a maƙwabtansa, kuma mai neman zinariya bai san iyakar jiha ba.

Kwal Na Inugu

A 1909 ne masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka suka gano kwal a tsaunukan Udi. Saboda shi aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka ja layin dogo daga can ya iso mahaƙar a 1916, kuma saboda shi garin Inugu ya tsiro a gindin tsauni. Wannan kwal ne ya riƙa tura jiragen ƙasa na Nijeriya shekaru da dama. Lokacin da aka buɗe layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya ratsa ta Funtuwa da Gusau, audugar Lardin Katsina da gyaɗarsa da wutar kwal na Inugu suka riƙa isa bakin teku. Ashe ke nan manomin Ruma yana da alaƙa da wannan rami tun bai san sunansa ba.

Waɗanda suka shiga ramin sun biya da jininsu. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ma'aikatan mahaƙar Kwarin Iva da ke neman haƙƙinsu na albashi, suka kashe mutum 21, suka raunata 51. Wannan kisa ya girgiza ƙasa duka, ya ƙara wa neman 'yancin kai ƙarfi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan 900,000 a shekara.

Daga nan sai al'amari ya juya. An sami man fetur a Oloibiri a 1956, Hukumar Jiragen Ƙasa ta fara komawa ga injuna masu shan dizal, ga kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 wanda ya tsai da aiki har ruwa ya cika ramukan. A lokacin yaƙin ne aka buɗe mahaƙar Okaba, a Jihar Kogi ta yanzu. Bayan yaƙi an yi ƙoƙarin farfaɗo da Inugu da injunan da aka sayo daga Poland, amma abin bai ɗore ba, kuma a farkon shekarun 2000 haƙa ta tsaya.

Abin lura a nan shi ne, tsayawar haƙa ba ta tsai da ramin ba. A jikin kwal akwai wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta, wanda idan iska da ruwa suka taɓa shi sai ruwan ya yi tsami mai ƙarfi, ya narkar da ƙarafan da ke cikin dutse ya tafi da su. Irin wannan ruwa ne ya ci gaba da tsatsowa daga tsohuwar mahaƙar Onyeama yana shiga kogin Ekulu, wanda mutanen Inugu ke amfani da shi. Tsofaffin ma'aikata kuma suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu na fansho. An shekara kusan casa'in ana sayar da kwal, amma ba a ware wani asusu ba domin ranar da za a rufe rami. Da ranar ta zo, sai aka tarar hukumar da ya kamata ta yi gyaran ita kanta ta durƙushe.

Kuzar Jos Da Ɗiban Gwamna

Labarin kuza ya fi na kwal kusa da Bahaushe. Kafin Turawa, Hausawa ne ke narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Delma, fatake suna yawo da ita a kasuwanni. Sandunan kuzar da aka gani a kasuwa su suka ja hankalin Kamfanin Neja, ya aika masu bincike a 1902, kuma ba a daɗe ba kamfanonin Ingila suka cika tsaunin Jos. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Bukur. Dubban 'yan cin rani daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suka riƙa tafiya neman kuɗin haraji da na aure, suna ɗaukar ƙasa da kwano a ka.

Akwai wani abu a tarihin kuza da ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya sani. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin da za ta riƙa samu a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Sai wajen 1950 gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan alkawari da fam miliyan ɗaya. Watau an tanadi rabon kamfani na kusan ƙarni guda a rubuce, amma ba a rubuta ko layi ɗaya ba game da gonar Birom da aka tone.

A 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mahaƙar kuza ta daular Ingila, sai aka kafa aikin tilas a Arewa. Jama'a suka sa masa suna ɗiban gwamna. Ta hannun En'e da hakimai da dagatai aka ɗebi talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, har da na Katsina, tsakanin 1942 da 1944. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cututtuka suka kashe mutane da yawa, waɗansu kuma suka gudu. A 1943 aka haƙo kuza mafi yawa a tarihin Jos, kimanin tan 17,000.

Sai a 1946 doka ta fara maganar mayar da ƙasa yadda take bayan haƙa, alhali an yi shekara arba'in ana tono. An baje waɗansu tsibin ƙasa, an dasa itatuwan turare a kansu, amma abin da aka gyara kaɗan ne ƙwarai cikin murabba'in kilomita fiye da 300 da haƙa ta taɓa. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoba 1985, manyan kamfanoni suka janye, suka bar ɗaruruwan tafkuna masu zurfi da gangare, waɗanda suka ci mutane da dabbobi. Duk da haka, manoman Jos da Bukur da Barikin Ladi sun mai da waɗansu tafkunan wurin noman rani, suna fitar da dankalin Turawa da kabeji da karas. Wannan gyara talaka ne ya yi shi da fartanyarsa, ba wanda ya ci ribar kuza ba.

Yadda Waɗansu Ƙasashe Suka Yi

Kada a ɗauka cewa ƙasashen Turai sun san wannan darasi tun farko. Su ma sai da suka binne 'ya'yansu kafin su koya. Ranar 21 ga Oktoba 1966, a ƙauyen Aberfan na Wales, wani tsibin dattin kwal da aka tara a kan maɓuɓɓugar ruwa ya zaftare bayan ruwan sama, ya rufe makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan Hukumar Kwal ta ƙasar. Duk da haka, da aka zo kwashe sauran tsibin, sai aka cire fam 150,000 daga kuɗin gudummawar da jama'a suka tara wa iyayen yaran, kuma ba a mayar da kuɗin ba sai 1997. Dokar kula da irin waɗannan tsibi ta fito ne a 1969, bayan aikin gama ya gama.

Amurka ta bi wata hanya. A 1977 ta yi doka wadda ta ɗora haraji a kan kowane tan na kwal da aka haƙo, santi 35 idan daga sarari ne, santi 15 idan daga ƙarƙashin ƙasa ne, ana zuba kuɗin a asusun gyaran tsofaffin mahaƙan da masu su suka tsere suka bari. Dokar ta kuma wajabta wa sabon mai haƙa ya ajiye jingina kafin ya sa diga a ƙasa, yadda ko ya gudu, kuɗin gyara yana hannun hukuma.

Yankin Ruhr na Jamus shi ya fi kowa dogon shiri. Tun kwal yana da sauran ƙarfi aka fara tanadin abin da zai maye gurbinsa: a 1965 aka buɗe jami'a a Bochum, domin 'ya'yan mahaƙa su sami wata sana'a. Daga 1989 zuwa 1999 aka gudanar da babban shirin gyaran kwarin kogin Emscher, aka mai da tsofaffin mahaƙai wuraren shaƙatawa da gidajen tarihi. A 2007 aka kafa gidauniya ta musamman wadda za ta riƙa biyan kuɗin zuƙe ruwa daga ramuka da unguwannin da ƙasarsu ta lotsa, aikin da Jamusawa da kansu suke kira aikin har abada. Lokacin da aka rufe rami na ƙarshe a Bottrop a Disamba 2018, an riga an san wanda zai biya, an san kuma inda kuɗin yake.

Abin da waɗannan misalai uku suka haɗu a kai shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bambancin kawai shi ne, wanda ya yi dabara yakan karɓi kuɗin askin tun mai cin ladan yana kusa.

Zinariyar Zamfara

A shekarun 1930 an yi rububin zinariya a lardunan Sakkwato da Neja da Zariya, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe kasuwar. Ramukan suka zauna ba mai kula da su. Da farashin zinariya ya haura dala 1,000 a kan kowane oza wajen 2008 da 2009, sai matasan ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka koma wa haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Suka riƙa kai shi cikin gari ana niƙawa a injin niƙa, mata suna dakawa a turmi suna shanyawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

A farkon 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Bincike ya tabbatar da gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai kuma aka yi musu magani, kuma dalma ko ba ta kashe yaro ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Gyaran da aka yi shi ne kankare ƙasar tsakar gida da ta lunguna gida-gida, a binne ta a nesa, a zubo sabuwa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, bai sami wannan gyara ba sai 2013, saboda jiran Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28.

A nan babu babban kamfanin da za a kama. Mai haƙa talaka ne, mai saye dillali ne da ba ya barin adireshi. A Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, tana cewa akwai alaƙa tsakaninta da 'yan bindiga, kuma ta janye hanin a Disamba 2024. Tsakanin waɗannan ƙauyuka da ƙasar Batsari da Safana daji ne da duwatsu iri ɗaya, da talauci iri ɗaya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Dajin Rugu

Ko ba a haƙi zinariya ba, Batsari da Safana suna da tasu ƙasar da aka ci aka bari, ita ce Dajin Rugu. Wannan daji ba haka yake tun fil'azal ba. A farkon shekarun 1840, zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, garuruwan ƙasar Ruma suka yi bore da goyon bayan Ɗanmari na Maraɗi. Aka murƙushe boren, aka rushe garuruwa da yawa, mutanensu suka watse, daji ya rufe kufai. Har ƙarshen ƙarni na 19 wurin ya zama hanyar mahara da fagen mayaƙa irin su Ɗanwaire na Ruma. Bayan zuwan Turawa a 1903 ne manoma da makiyaya suka riƙa komawa sannu a hankali.

Gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe babban yanki na dajin a matsayin gandun daji na Ruma da Kukar Jangarai. A shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa, da taimakon Amurka, ta mai da shi makiyaya ta gwaji mai faɗin hekta fiye da 100,000, aka yi madatsun ruwa da wuraren kula da lafiyar dabbobi a Runka da kewayenta. Wannan gwaji yana cikin abubuwan da suka share fage ga Dokar Makiyayu ta 1965. Amma da masu ba da kuɗi suka janye, aka yi ta sauya jihohi daga Arewa zuwa Arewa ta Tsakiya zuwa Kaduna zuwa Katsina a 1987, sai kulawa ta yi rauni. Madatsu suka cike da yashi, gonaki suka ci burtali, manyan motoci kuma suka riƙa fita da itace da gawayi zuwa birane.

Wanda ya dubi wannan da idon tarihi zai ga kamarsa da labarin Inugu da Jos. An ɗebi abin da ke da daraja, an kai shi wani wuri, hukumar da ta fara aikin ta shuɗe, ba a bar wa kowa alhakin wurin ba. Ƙasar da ba ta da mai kula kuwa ba ta zama haka nan. Wani zai shiga. A shekarun 2010 dajin ya zama mafakar 'yan bindiga. A Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A 2025 al'ummomin Batsari da Safana suka shiga yarjejeniyar sulhu da masu ɗauke da makamai. Rikicin yana da dalilai da yawa, kuma ba daidai ba ne a jingina shi ga abu ɗaya, amma sakacin da aka yi da dajin yana cikinsu.

Abin Da Doka Ta Tanada

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 44, ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, alhali Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamnan jiha. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta tanadi abubuwa uku masu muhimmanci: asusun kare muhalli da gyara shi wanda masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki, yarjejeniya a rubuce tsakanin mai lasisi da jama'ar wurin kafin a fara aiki, wadda za a riƙa dubawa duk shekara biyar, da kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha.

Matsalar tana wajen rabon alhaki. Lasisi daga Abuja yake fitowa, ƙasa tana hannun gwamna, amma gawar yaron da ya faɗa rami a ƙofar dagaci ake ajiye ta. Wanda ya fi kusa da ramin shi ya fi kowa ƙarancin iko a kansa. Daga tarihin da aka bi a sama, ana iya fitar da abubuwa biyar da ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma zai iya riƙewa.

Na farko, a yi rajistar ramuka. Kowace gunduma ta san adadin ramukan tama da na farar ƙasa da na yashi da na tsakuwa da ke cikinta, da wanda ya haƙa kowanne, har da waɗanda 'yan kwangilar hanya suka bari. Ramin da ba a rubuta ba, ba za a taɓa sa shi a kasafin kuɗi ba. Na biyu, a karɓi kuɗin gyara kafin haƙa, domin tarihin Inugu da Jos ya nuna cewa ranar rufe rami ita ce ranar da mai shi ba shi da ko anini. Na uku, kada a yarda a niƙa dutsen ma'adini ko a wanke shi a cikin gari ko kusa da rijiya. Wannan hani ne da hakimi da limami da malamin asibiti za su iya tsayar da shi ba tare da jiran Abuja ba. Na huɗu, yarjejeniyar da doka ta tanada a rubuta ta da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, a kuma sa makiyaya a cikinta, don su ne dabbobinsu ke shan ruwan ramin. Na biyar, a ambaci ofishi ɗaya da sunansa wanda alhakin wuri zai koma kansa bayan an gama aiki, ko mahaƙa ce ko makiyaya, yadda sauyin gwamnati ba zai mai da shi maraya ba.

Kammalawa

Inugu ta ba Nijeriya wutar jirgi, aka bar ta da ruwa mai tsami. Jos ta ba Ingila kuzar yaƙi, aka bar ta da tafkuna. Anka da Bukkuyum sun ba kasuwar duniya zinariya, aka bar su da kaburburan yara. A duk wuraren uku an yi lissafin riba tun kafin a fara, ba a yi lissafin gyara ba sai da ɓarna ta bayyana, kuma a duk wuraren uku wanda ya biya shi ne wanda ba shi da inda za shi.

Batsari da Safana suna da wata dama da waɗancan ba su samu ba, watau sanin ƙarshen labarin kafin babbar haƙa ta iso gare su. Idan zaman lafiya ya tabbata a Dajin Rugu, masu neman ma'adini da masu neman gona da masu neman gawayi za su shiga tun kafin ma'aikacin gandun daji ya ɗaura takalminsa. Aikin ɗalibin tarihi shi ne ya je Ruma da Runka ya rubuta abin da dattawa suka sani game da tsofaffin ramuka da burtaloli da madatsu, tun suna raye. Aikin ma'aikacin gwamnati kuwa shi ne, duk takardar neman izinin haƙa da ta zo teburinsa, kafin ya sa hannu ya tambaya wa zai cike ramin, da wane kuɗi, kuma kuɗin yana hannun wa. Tun ran gini ake zane.